Na'ura mai jin wutar lantarki tun daga nesa

A shekarar 2000, a birnin Los Angeles na Amurka, dogon ƙarfen eriya na wata motar telebijin ya taɓa wayar lantarki. Wutar ta ƙone ƴar jarida guda, har ta rasa hannu.

Irin wannan ƙarfe da iska ake miƙe shi, mai aikin kuwa idonsa yana ƙasa. Shi ya sa ake ɗaura masa na'ura a ka. Waya mai wuta tana baza ƙarfinta kewaye da ita. Da na'urar ta ji shi, sai ta yi ƙara, ta tsai da ƙarfen.

Amma ku sani, jama'a, na'urar ba ta jin wayar da aka yanke ma wuta, ana kuma maido wuta ba sanarwa.