Awa Nawa Ne Daga Nan Zuwa Jidda?

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadan Zariya ya saba da ƙugin ƙananan jirage a sararin samaniya. Na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne, wadda aka kafa a garin nan a 1964. Amma idan aikin Hajji ya gabato, jirgin da ake hirarsa a majalisu daban ne, kuma tambayar maniyyaci ɗaya ce: awa nawa za mu yi a sama?

Zazzagawa sukan tashi ne daga Kaduna, wasu daga Kano. Tsakanin Kano da Jidda, idan jirgi ya miƙe ta kan Chadi da Sudan ya tsallake Bahar Maliya, akwai kimanin kilomita 3,400. Babban jirgin fasinja yakan ci kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya idan ya kai tsayin kilomita 10 ko 11 daga ƙasa. A lissafi awa 4 ke nan. Sai dai jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Sai ya hau a hankali, ya kuma sassauta kafin sauka, wani lokaci ya yi ta kewaye yana jiran izini. Shi ya sa tafiyar ta wannan hanya takan kai awa 4 da rabi zuwa 5.

Inda alhazai suka fi saɓani shi ne agogo. Na sha jin dattijo yana rantsuwa cewa zuwa ya fi dawowa nisa, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da agogon bango ya nuna masa ke nan. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, Jidda kuma tana gabas da mu da wajen digiri 30, don haka Saudiyya na gaban Nijeriya da awa 2. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen 4:30 na asuba a can, ya ga kamar ya kwana a sama. A dawowa, ya tashi ƙarfe 10 na safe ya iske Kano ana shirin azahar. Wannan ya shafi ibada kai tsaye, domin alfijir yakan tarbi mai tafiya gabas da wuri, kuma wanda jirginsa ya nufi Jidda dole ya shirya haraminsa kafin a wuce miƙati. Ya kamata masu yi wa maniyyata bita su riƙa tsayawa sosai a kan wannan.

Sai kuma ƙasar da ke ƙarƙashin jirgin. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu suka koma yin zagaye. Lokaci ya ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi daga hukumar alhazai ta NAHCON.

Sudan ɗin nan dai ita ce hanyar kakanninmu. Da ƙafa da jakuna suke ratsa ta, suna yada zango su yi noma ko ƙodago don samun guzuri, tafiyar takan ci shekaru. Da yawa ba su dawo ba. Jikokinsu na nan a garuruwa irin Mai Wurno, suna magana da Hausa har yau.