Ƙwayoyin Halitta Masu Ƙera Azurfa: Ko Za Su Amfani Majinyatan Jahun?

Duk wanda ya san babban asibitin Jahun ya san ba mutanen garin kaɗai ke cika shi ba. Tun shekara ta 2008, da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara aiki a can tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa, mata ke ta tuɗaɗowa daga ƙasar Dutse da ta Haɗeja, har da na nesa. Waɗansu naƙuda ce ta yi musu gardama. Waɗansu kuwa sun riga sun haihu, amma doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, sun zo a yi musu ɗinki. To, likita yakan gama aikinsa lafiya lau, amma hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga wurin ya warke bai yi ruwa ba. Abin da ke sa miki ya yi ruwa kuwa shi ne waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira bakteriya.

Abin mamakin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne, a cikin dangin waɗannan halittu an sami waɗansu da ke ƙera azurfa da zinariya da baƙin ƙarfe a jikinsu, har masana suna neman su mai da su ma'aikatan haɗa magani. Amma kafin mu kai can, sai mun faɗi yadda azurfa ta shiga aikin likita tun farko, don labarin ya shafi Jahun fiye da yadda mai karatu zai zata.

AZURFA A HANNUN LIKITA

A da, in an ɗinke yoyon fitsari da zaren siliki, sai wurin ya yi ruwa, ɗinkin ya warware. Cikin shekara ta 1849 wani likita a Alabama ta ƙasar Amurka, ana ce masa Marion Sims, ya sa wani maƙerin fari ya ja masa siririyar waya ta azurfa, ya yi ɗinki da ita, sai ɗinkin ya kama. Ba za mu wuce nan ba sai mun faɗi ɗacin da ke ciki. A jikin mata bayi ya koyi wannan aiki, ba tare da maganin kashe zafi ba, har ɗaya daga cikinsu, mai suna Anarcha, sai da aka yi mata aiki wajen sau talatin. Allah Ya sani, rabon waɗannan bayin Allah a cikin ladan ya fi na likitan.

Bayan wannan, cikin 1881, wani likitan haihuwa a Lefzig ta ƙasar Jamus, Carl Credé, ya bayyana cewa in an ɗiga ruwan wani gishiri na azurfa a idon jinjiri da zarar an haife shi, ba zai kamu da ciwon idon nan da ke makantar da jarirai ba, wanda suke ɗauka daga uwa mai ciwon sanyi. A asibitinsa wajen jinjiri ɗaya cikin goma ke kamuwa, sai abin ya koma bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Cikin 1968 kuma aka fito da man shafawa mai azurfa don masu ƙuna, wanda har gobe ana amfani da shi.

Da fenisilin da 'yan'uwansa suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi sanyi da azurfa. Abin da ya sa aka waiwayo ta shi ne magungunan nan sun fara dakushewa, don bakteriya sun koyi jure musu. Wani babban lissafi da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet cikin 2022 ya nuna a shekara ta 2019 kaɗai mutum wajen 1,270,000 suka mutu a duniya saboda cutar da magani ya kasa, kuma in an auna da yawan jama'a, ba inda abin ya fi tsanani kamar Afirka ta Yamma. Muna kuwa da hannu a ciki. Wa bai san mai sayen kafso biyu a kasuwa ya haɗiya, da ya ji sauƙi ya bari ba?

ƘURAR DA TA FI ƘURA LAUSHI

Dunƙulen kanwa yakan daɗe cikin ruwa bai narke ba, amma in an daka shi, nan da nan sai ya bi ruwa. Haka azurfa take. Zoben da ke hannun mutum kaɗan ƙwarai yake saki na abin da ke kashe bakteriya, amma in an mai da azurfa ƙura, ko'ina a jikinta ya zama fili, sai ƙarfinta ya ninka. Ƙurar da ake nufi a nan ba irin wadda turmi ko dutsen niƙa ke bayarwa ba ce. Ana auna ta da wani ma'auni wai shi nanomita, watau in an raba milimita ɗaya kashi miliyan, kashi ɗaya ke nan. Kaurin silin gashin kai yakan kai nanomita 80,000, ƙwayar wannan ƙura kuwa ba ta cika wuce 100 ba.

Kada mai karatu ya ce abin na ƙasashen Turai ne. Duk wanda aka taɓa huda wa yatsa a ɗakin shan magani don gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya ga jan layin nan da ke fitowa a jikin ɗan farin abin gwajin. A yawancinsu, layin nan ƙurar zinariya ce. Zinariya in ta yi ƙanƙanta haka takan bar launinta ta koma ja, abin da Michael Faraday ya yi bayani a kai a Landan tun 1857.

A masana'anta ake yin irin wannan ƙura, da sinadarai masu ƙarfi, ko da na'urori masu tsada da cin wutar lantarki. Waɗansu sinadaran guba ne, sai an wanke su sarai kafin ƙurar ta taɓa jikin mutum. Wannan ne ya sa masana suka shiga neman wata hanya.

MAƘERAN DA BA SU DA ZUGAZUGI

Mu Hausawa mun daɗe muna sa bakteriya aiki, ko da ba mu san sunansu ba. Mai rini yakan zuba baba da toka a karofi ya jira kwanaki kafin ruwan ya nuna. Bakteriya ne ke aiki a cikin kwanakin nan, su ke juya shunin ya narke har ya iya kama zare. Mai daddawa kuma takan dafa kalwa ta rufe ta, bayan kwana biyu ko uku ta buɗe ta tarar ta yi. Babban ma'aikacinta wani bakteriya ne da masana ke kira Bacillus subtilis.

To, cikin 1980 waɗansu masana biyu a Kanada, Beveridge da Murray, suka jiƙa ɓawon jikin irin wannan bakteriya na daddawa cikin ruwan da aka narkar da zinariya. Da suka duba da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, sai ga 'yan ƙwayoyin zinariya sun taru a jikin ɓawon. Cikin 1999 kuma Tanja Klaus da abokan aikinta a jami'ar Ufsala ta ƙasar Suwidin suka gwada wani bakteriya da aka samo daga ƙasar wata mahaƙar azurfa. Suka ba shi ruwan gishirin azurfa wanda zai hallaka waninsa, bai mutu ba. Sai ya tara azurfar a tsakanin fatun jikinsa biyu, dunƙule-dunƙule, waɗansu masu kusurwa uku, waɗansu masu shida, manyansu sun kai nanomita 200.

Dalilin abin ba wuya gare shi ba. Azurfar da ta narke cikin ruwa ita ce guba ga bakteriya. Wanda ya tashi a mahaƙa kuwa ya sami dabarar mai da narkakkiyar azurfa ta koma sandararren ƙarfe, ya jibge ta gefe inda ba za ta cuce shi ba. Watau kansa yake ceto, mu kuma mu tsinci abin da ya yar. Aikin kuwa dangin wanda ake yi a karofi ne, sai dai can shuni ake juyawa, nan ƙarfe. Ba wuta, ba zugazugi, cikin ɗumin ɗaki kawai. Har ila yau ƙurar takan fito da wani lulluɓi daga jikin bakteriyan, wanda ke hana ƙwayoyinta mannewa da juna.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. A Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho, Farfesa Agbaje Lateef da abokan aikinsa sun samo wani bakteriya daga jujin da ake zubar da gashin kaji. Suka tace sinadarin da yake narkar da gashin da shi, suka haɗa da ruwan gishirin azurfa, sai ruwan ya rikiɗe ya yi duhu, alamar ƙurar azurfa ta samu. Sun buga sakamakon cikin 2015, inda suka nuna ƙurar ta hana bakteriyan da aka samo daga majinyata yaɗuwa a farantin gwaji.

INDA GIZO KE SAƘA

Amma farantin gwaji daban, jikin mai jego daban, kuma a nan ne muke so malamai da akawuna su natsu, don su jama'a ke tambaya in sun ji sabon labari a rediyo. Azurfar da ke cikin bandejin ƙuna na zamani, da zinariyar da ke cikin abin gwajin zazzaɓi, duk na masana'anta ne. Ƙurar da bakteriya ke yi tana ɗakin bincike tukuna, ana gwada ta a faranti da jikin dabbobi. Dalilai kuwa sanannu ne. Bakteriya ba ya sauri. Ƙwayoyin da yake yi ba kansu ɗaya ba, wata babba wata ƙarama, likita kuwa ba ya ba da maganin da bai san awonsa ba. Sa'an nan in ba a raba ƙurar da gawar bakteriyan sarai ba, abin da ya saura yana iya tayar wa majinyaci zazzaɓi mai tsanani.

Akwai kuma wani abin dubawa da masu zumuɗi ba su cika faɗa ba. Bakteriyan da ya iya ƙera azurfa, ai shi ne shaidar cewa bakteriya na iya jure mata. Tun 1975 aka ba da labarin wani mai jure azurfa da ya ɓulla a ɗakin masu ƙuna na wani babban asibiti a Boston, har aka yi asarar rayuka. In aka yi wa azurfa irin riƙon da aka yi wa kafso, ƙarshenta ɗaya da shi.

Saboda haka in wani ya zo kasuwar Jahun ko ta Gujungu da kwalba yana cewa ruwan azurfa ne mai maganin kowace cuta, a bar masa kayansa. Wanda ya daɗe yana shan azurfa, takan taru a fatarsa ta mai da ita toka-toka, ba ta kuwa komawa. Ba ma bukatar a tuna mana abin da ƙarfe ke yi a jiki: cikin 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara.

LAKAR FADAMA

Saura baƙin ƙarfe, wanda labarinsa ya fi ba mu sha'awa. Cikin 1975 wani ɗalibi a Amurka, Richard Blakemore, ya ba da labarin abin da ya gani cikin lakar da ya ɗebo a wata fadama ta bakin teku. Da ya sa ɗigo ɗaya a madubi, sai ya ga waɗansu bakteriya duk sun nufi gefe guda. Ya kawo maganaɗisu kusa, suka juya suka bi shi. Ashe kowannensu yana da jerin 'yan ƙwayoyin ƙarfe mai maganaɗisu a cikinsa, kamar tsakiya a zare, shi ne kamfas ɗinsa na neman zurfin da ya dace da shi cikin laka. Waɗannan ƙwayoyi, saɓanin na azurfa, kusan kansu ɗaya, har masana'anta na sha'awar kyansu. A Faransa, cikin 2011, an cusa su cikin ƙarin ciwon daji a jikin ɓeraye, aka kunna musu maganaɗisun lantarki mai juyawa da sauri, suka yi zafi suka ƙone ƙarin daga ciki, har a jikin waɗansu ɓerayen ya ɓace.

Irin waɗannan bakteriya ana samunsu cikin lakar tafkuna da koguna a kusan ko'ina a duniya. Mu kuwa a kwarin kogin Haɗeja, in ruwa ya janye bayan damina, ba abin da muka fi arziki da shi kamar laka. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa cikin 2011, da na Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, ba sa bukatar kuɗin jirgi kafin su fara wannan bincike. Ko malamin sakandare mai madubi ɗaya a makarantarsa yana iya gwadawa. Ya ɗebo lakar sama-sama daga tafki tare da ruwanta, ya cika kwalba, ya rufe ba da ƙarfi ba, ya ajiye a inuwa mako biyu ko uku. Sa'an nan ya jingina maganaɗisu a jikin kwalbar dab da saman lakar na wajen rabin sa'a, ya tsotso ɗigon ruwa daga daidai wurin, ya duba gefen ɗigon a madubi yana juya maganaɗisun.

Sai dai ya gwada da bakin maganaɗisun duka biyu. A ƙasashen arewacin duniya yawancin waɗannan halittu arewa suke nufa, a na kudu kuma kudu. Amma a Fortaleza ta ƙasar Birazil, wadda a lokacin take kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, cikin 1981 an tarar da iri biyun tare, kusan rabi da rabi. Layin nan kuwa, da ya ƙetaro teku, ta arewacin Nijeriya ya bi.