Daga Widi zuwa duwatsun Sindu: mota ko jirgin ƙasa?

Wagadugu gari ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Ko ka hau benen da ya fi tsawo a unguwarmu ta Widi, wadda ake rubutawa Ouidi a takardun gwamnati, ba abin da za ka hango sai rufin kwano da hasumiyoyin masallatai da ƙura. Mai son ganin dutse na gaske sai ya nufi kudu maso yamma, wajen Banfora, inda tsaunukan Sindu suke, da duwatsun Fabedugu, da magangarar ruwan Karfigela. Can kusa da iyakar Mali kuma akwai Tenakuru, wurin da ya fi ko'ina tudu a Burkina Faso, ko da yake shi ma bai kai mita 750 ba. Mutumin Jos zai yi mana dariya, amma namu ke nan.

Tun da jirgin ƙasa na fasinja ya dawo aiki tsakanin Wagadugu da Bobo Julaso a watan Nuwamban 2023, bayan tsayawar da ya yi tun Maris ɗin 2020 saboda korona, gardama ta samu a majalisun shayi: in mutum ya samu hutun kwana uku ko huɗu, yana son kai iyali su sha iskar duwatsu, wanne zai bi? Ni na yi tafiyar ta hanyoyin biyu, sau ɗaya da motata, sau ɗaya a jirgi. Abin da na lura shi ne masu gardamar suna yinta kamar a Bobo tafiyar take ƙarewa, alhali daga can ne lissafin yake somawa.

Jirgin da ya dawo a Bobo yake tsayawa. Layin dogon ya wuce ta Banfora har Abijan, amma fasinja a Bobo suke sauka. Daga nan saura kamar kilomita 85 zuwa Banfora, sannan wasu kamar 50 zuwa Sindu. Wanda ya zo a jirgi, wannan ragowar tafiyar tana wuyansa.

Mu fara da mota. Babbar hanya mai lamba 1 daga Wagadugu zuwa Bobo kusan kilomita 360 ce, kwalta ce duka. In ka fita da asuba bayan sallah, kana iya yin azahar a Bobo, la'asar ta same ka a Banfora. Kai ne mai lokacinka. Yara suka ce sai sun ga kadojin Sabu, ka tsaya. Ka tsallaka kogin Muhun, ka isa Boromo, wadda take kusan rabin hanya, ka sayi gasasshiyar kaza da kantun riɗi, ka miƙe ƙafa. Bayan Bobo kuma, da ka wuce Tusiyana hanya ta fara gangarawa, sai ka ga gonakin rake na kamfanin sukari na SOSUCO kore shar har iya ganinka. Mutumin da ya saba da jan ƙasar Wagadugu, wannan kaɗai ya isa ya wanke masa ido.

Amma hanyar ba ta masu yawon buɗe ido ba ce. Hanyar manyan motoci ce masu jigilar kaya daga tashar ruwan Abijan, da tankokin mai, da bas-bas masu gudu kamar ana korarsu. Wanda yake da shekaru bai manta da haɗarin da aka yi kusa da Boromo a watan Nuwamban 2008 ba, inda bas da babbar mota suka yi karo, wuta ta tashi, fiye da mutum 60 suka rasu. Duk lokacin da na zo wuce wata tirela a wannan hanya sai abin ya faɗo mini a rai. Ga shingayen jandarma da 'yan sanda, ga wuraren biyan kuɗin hanya. Kowa a motar ya riƙe katin shaidarsa, takardun mota su cika. Tafiyar dare kuwa, ko da kuɗi aka haɗa ni ba na yi.

Sai kuɗi. Zuwa Sindu da dawowa kusan kilomita dubu ne. Motata tana shan kamar lita takwas a kilomita ɗari, wato lita tamanin ke nan, litar mai kuma ta haura sefa 800. Kafin ka ci ko ka kwana, jika sittin da wani abu sun tafi a tanki. In ku biyar ne a motar, abin bai yi zafi ba. In kai kaɗai ne ko ku biyu, hasara ce tsagwaronta.

Akwai kuma abin da ba a sa shi cikin lissafi, gajiyar mai tuƙi. Ranar da muka isa Sindu da mota, su suna ta hawan duwatsu suna ɗaukar hoto, ni kuwa bayana kamar an yi mini duka. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, kai dai ka kawo mu hutu ne, kai ba ka zo ba." Gaskiyarta.

Jirgi wata duniya ce. Wannan dogo Turawan Faransa ne suka shimfiɗa shi daga Abijan, ya iso Bobo a 1934, ya iso Wagadugu a 1954, kuma da aikin tilas aka yi mafi yawansa, mutanen ƙasar nan da dama sun sha wuya a kansa. Sunansa ma layin Abijan zuwa Nijar, don niyyar ita ce ya kai Yamai, bai kuwa kai ba. A zamanin Thomas Sankara, daga 1985, jama'a suka fito da hannuwansu suka ja shi zuwa wajen Kaya. Tun 1995 kamfanin Sitarail ke tafiyar da shi, kuma jigilar kaya ce babbar sana'arsa. Layi ɗaya ne, faɗinsa mita guda, saboda haka in jirage biyu za su haɗu dole ɗaya ya jira a tasha. Wannan ya sa ya fi mota jinkiri nesa ba kusa ba, ka ɗauka yini guda ya tafi.

Sai dai yinin ba irin na mota ba ne. Kana tashi ka taka, ka sha shayi, ka yi barci in ka so. Yara suna manne da taga. Jirgin yana bi ta Kudugu, garin da babbar hanya ba ta ratsa shi ba, mata su zo bakin taga da ayaba da gyaɗa da dafaffen ƙwai. Ba tirela a gabanka, ba mai haska maka fitila a baya. Wani dattijo da muka zauna kusa da shi, tsohon ɗan kasuwar goro, ya ce mini, "Yaro, a mota kana tafiya ne, a jirgi kuwa ana tafiya da kai." Tashar Bobo ma kanta abin kallo ce, farin gini mai siffar masallatan ƙasa irin na Mali, ga tsohon masallacin Julasoba ba nisa.

Matsalar ita ce jirgin ba kullum yake tashi ba. Ranar tafiyarka da ta dawowarka shi zai yanke maka, don haka kafin ka nemi hutu a wurin aiki, fara zuwa tasha ka ga jadawali. Daga Widi ba wata tafiya ba ce. Mai hutun Juma'a zuwa Lahadi da wuya abin ya yi masa daidai.

Sannan ga waccan ragowar hanya. Daga Bobo zuwa Banfora bas ba ta wuya. Amma wuraren da ka zo dominsu a warwatse suke. Karfigela tana da nisan kamar kilomita goma sha biyu daga gari, hanyar ƙasa ce ta cikin rake. Fabedugu tana kusa da ita. Tafkin Tengerela mai dorinar ruwa yana wani ɓangaren, Sindu kuma can gaba. Saurayi zai yi hayar babur ya gama da su cikin kwana biyu. Mai tafe da tsohuwa da goyo fa? Dole ya ɗauki hayar mota da direba, abin da ya tsimi a jirgi ya koma can. Ni dai wannan haya ba ta ba ni haushi ba, domin direban ɗan yankin ne, ya san hanyar da ake bi da wadda aka daina bi. A shekarun nan da rashin tsaro ya taɓa wasu sassan yankin, wannan sani ya fi kuɗin da na biya. Tenakuru ma shi ya ce mu bar shi sai wani jiƙon, ban yi musu ba. A Sindu kuma ba a shiga duwatsun sai da ɗan rakiya, don wasu wuraren na al'adar Senufo ne, baƙo ba ya taka su.

In maƙwabci ya tambaye ni yau, ga abin da zan ce masa. Kwana uku kacal gare ka, ku huɗu ko biyar ne, akwai wani mai tuƙi bayan kai, motarka kuma makanike ya duba ta, to ɗauki mota, ka fita da asuba, ka kwana Banfora. Ku biyu ne, ko kai kaɗai ka iya tuƙi, kana da kwana biyar, hau jirgi, ka kwana Bobo, ka nemi ɗan gari ya kai ka sauran. Mai son ruwan Karfigela a cike ya je ƙarshen damina. Mai son hawan duwatsu ya jira sanyin Disamba, lokacin da dutse ba ya ƙona tafin hannu. Mu a gidanmu Disambar muke jira, kuma tun yanzu na fara lallashin ƙanena ya zo mu raba tuƙin.