Su A Tafkin Bakolori Cikin Damina: Riba Da Kasada

Mutanen Garbadu da na sauran ƙauyukan ƙasar Mafara, da Bakura, da Maradun, sun san kifin Bakolori tun ba yau ba. An gama ginin wannan madatsa a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Ruwan da ta tare ya malale wajen eka 20,000, tsawonsa kuwa ya yi kamar mil 12. Gonaki da garuruwa sun nutse, rikicin diyya kuma ya ci rayukan manoma cikin Afrilu 1980. Daga yamma da madatsa ambaliyar da ke cika fadamu ta ragu, su ya ja baya. Saboda haka tafkin ya zama madogara ga masunta da yawa.

To, damina ita ce lokacin da su ke da daɗi, ita ce kuma lokacin da ya fi kasada. Dalili kuwa shi ne, in sabon ruwa ya sauko daga rafuka ya kan kwaso ƙwari da tsutsa da ɗanyen haki, ya hau kan ciyayin bakin gaɓa. Nan tarwaɗa ke bi ta zuba ƙwai, nan ƙarfasa da ƙurungu ke kiwo. Mai birgi da mai mamari duk su kan samu. Wannan samu shi ke sa masunci ya ga hadari ya haɗu, amma ya ce bari ya ƙara jefawa sau ɗaya.

Hadarin ƙasar nan yawanci daga gabas ya ke tasowa, iska ce kuma ke riga ruwa isowa. A gulbi gaɓa kusa ta ke, amma a tafki iska na da filin gudu mai nisa, tana tura igiyar ruwa har ta yi tsawo. Kwale-kwale kuwa bakinsa kusa da ruwa ya ke, balle in ya sha kaya da jiƙaƙƙen taru. In igiya ta buge shi a haƙarƙari sai ya cika ko ya kife. Don haka gwanaye ke fuskantar da goshinsa ga igiya, su nufi gaɓar da ta fi kusa, ko da ba ta gida ba ce.

Sa'an nan ga aradu. Bisa ruwa babu itace, babu tudu, mutumin da ke tsaye cikin jirgi shi ne mafi tsawo a wurin. Akwai lissafi mai sauƙi: ƙarar tsawa na cin mil 1 cikin daƙiƙa 5. In an ga walƙiya aka ƙirga 30 ko ƙasa da haka kafin a ji ƙara, to, hadarin bai wuce mil 6 ba, fita ta wajaba. Abin da ya auku kusa da Gummi cikin Satumba 2024, inda jirgi ɗauke da manoma ya kife mutane da yawa suka rasu, ya isa ishara cewa ruwan damina ba abin wasa ba ne.

Fatake ma suna da hannu cikin wannan al'amari. Wanda ya ba masunci kuɗin taru bashi, ya ce lalle a cika masa kwando kafin kasuwar Talata, ya sani shi ne ke tura shi ƙarƙashin hadari. Jinkirin kwana 1 bai kai hasarar mutum da jirgi da bashin gaba ɗaya ba. Rigar da ke hana nutsewa kuwa ta cancanci shiga cikin jari kamar yadda taru ya shiga. Haka kuma mai sayen banda ya duba da kyau, gama itacen damina jiƙaƙƙe ne, kifin da bai ƙyafu sosai ba ya kan yi fumfuna a hanya.

Malamai kuwa, su da a ke jin maganarsu, ya kamata su riƙa tuna wa jama'a cewa tsare rai yana gaba da neman dukiya, su kuma ƙarfafa wa sarakunan ruwa in sun hana shiga ranar hadari. Kifin da aka bari yau yana nan gobe. Allah ya kiyaye masu nema, ya sa albarka cikin abin da suka samu, amin.