Ke Ma Kyakkyawa Ce: A Rabu Da Man Bilicin

Yau dai ina tafe da wata magana wadda na san za ta sosa wa wasu inda yake musu ƙaiƙayi, amma ku yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta. Maganar kuwa ita ce ta shafe-shafen man bilicin da ya zama ruwan dare a tsakaninmu.

Sau nawa muka ji ana cewa farar mace alkyabbar mata, ko fara lantarkin gida? A littattafan soyayya ma da wuya ki ga tauraruwa in ba fara doguwa mai gashi har gadon baya ba. Yarinya ta taso tana jin wannan kullum, sai ta dubi madubi ta ga kamar ita an rage ta. Daga nan sai a fara tara kuɗin tara ana kai wa mai haɗin mai.

To 'yar uwa, tsaya ki ji abin da ke cikin kwalbar nan. Yawancin mayukan suna ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa uku: haidirokwinon, ko zaiba, ko sitiroyid. Aikinsu shi ne su hana fata yin melanin, wato sinadarin da ke ba mu launinmu. Shi kuwa melanin ɗin nan garkuwa ce da Allah Ya yi mana daga zafin rana. Ke da kike rayuwa a ranar Kano ko Sakkwato ko Damagaram, in kin cire garkuwar me ya rage miki?

Da farko abin daɗi ne, sati biyu sai ki ji ƙawaye na cewa, "Kai wance, wane mai kike shafawa?" Amma kyan ɗan maciji ne. Haidirokwinon in aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo a kumatu da goshi, mai wuyar fita. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ga nankarwa, ga ƙuraje, ga ciwo ya ƙi warkewa da wuri. In ya ratsa cikin jini yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Zaiba kuwa ita ce uwa uba, don ƙoda take lalatawa, kuma takan kai ga jariri tun yana ciki ko ta ruwan nono. Ke nan ba ke kaɗai za ki biya bashin ba, har da ɗan da ba ki haifa ba tukuna.

Ba don wasa ba ne ƙasashe suka tashi tsaye. Kwaddebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu haidirokwinon a 2016, Ruwanda ta shiga kwashe su daga kasuwanni a 2018. A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'a a 2023.

Na san wata za ta ce, "To Anti, samarin ne ba sa kula baƙaƙe." Haba ƙanwata! Wanda ya so ki don hasken kwalba, ranar da fuska ta zama kala biyu, gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi ƙirin, shi zai fara juya miki baya. So na gaskiya hali yake bi da natsuwa da tsafta. Baƙa ce ke ko wankan tarwaɗa, akwai mai son ki a yadda kike.

In gyara kike so, ga shawarata. Ki riƙa shan ruwa sosai, musamman lokacin zafi da hunturu. Ki samu barcin awa 8 zuwa 10, a daina raba dare ana hira a waya. Ki ci zogale da alayyahu da karas, ki sha gwanda da lemo da kankana. Ki yi wanka da sabulu marar ƙarfi, ki bi da man kaɗanya tun jiki da ɗan danshi. In rana ta take ki nemi inuwa ko ki riƙe lema. Ƙurajen balaga kuwa kada ki matse su, matsar ce ke barin tabo. Sannan duk man da aka ɗura a kwalba babu suna babu lambar hukuma, ki guje shi ko kyauta aka ba ki.

Wadda ta riga ta fara kuma kada ta yanke ƙauna. Ki je asibiti ki ga likitan fata, ki tafi da kwalbar a hannu ki nuna masa ba tare da jin kunya ba. Mai sitiroyid in an yanke shi rana ɗaya fata takan yi bore, don haka likita ne zai nuna miki yadda za ki janye a hankali. Launinki zai dawo, ƙawaye za su yi surutu, ki toshe kunnenki. Surutu na kwana kaɗan ne, ƙoda kuwa ba a sayar da ita a kanti.

Iyaye mata, don Allah a daina kiran yarinya "baƙar gidanmu" ana dariya, a daina shafa wa jarirai mai don su yi haske. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah Ya ba mu lafiya da wadatar zuci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.