Ɗan wasan jami'a: lambar yabo ko albashi?

Matashin Ɗankaza da ke karatu a Jami'ar Aliko Ɗangote ta Wudil, komai iya tamaularsa, ƙololuwarsa a cikin gida gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA ce, wadda aka fara a Ibadan a 1966. Lambar yabo akwai, albashi babu.

Amurka ma ta daɗe a haka: jami'o'i na kwasar miliyoyi daga talabijin, mai zufar kuwa sai karatu kyauta. A Yulin 2021 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, NCAA, ta sassauta, ɗalibai suka fara talla da sunayensu. A 2025 kotu ta amince jami'a ta raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

A Najeriya ba a kai ga gardamar rabo ba tukuna, domin wasan ɗalibai bai fara kawo irin wannan kuɗi ba.