Hamilton da Alonso: Sa hannu a takarda ne ya raba su

Mu da muka taso da kallon ƙwallo mun saba ganin gwani yana haskawa ko da ƙungiyarsa ba ta da ƙarfi. Da muka fara bin gasar tseren motoci ta Formula 1 a waya, sai muka tarar a can ba haka abin yake ba. Kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, direbobi biyu kacal take sa wa a tsere, kuma idan injiniyoyi suka kuskure, ko wa ya zauna a kujerar, a baya zai ƙare.

Ku dubi shekarar 2007. Fernando Alonso ɗan Sifaniya ya koma McLaren riƙe da kambun duniya biyu da ya ci da Renault a 2005 da 2006. Abokin aikinsa sabon shiga ne, Lewis Hamilton ɗan Birtaniya, mai shekara 22. Mota iri ɗaya suka tuƙa, kuma suka yi kunnen doki, kowa da maki 109. Kimi Raikkonen na Ferrari ya ɗara su da maki ɗaya tak, ya tafi da kambun.

Zaman bai yi daɗi ba. Alonso ya ɓata da shugabannin McLaren, ya koma Renault bayan shekara ɗaya, daga nan sai Ferrari a 2010. Sau uku yana zuwa na biyu a bayan Sebastian Vettel na Red Bull: a 2010 maki huɗu suka raba su, a 2012 maki uku. A ganinmu, a 2012 ɗin ya yi tuƙin da ya fi na kowa, motar ce ba ta kai ba.

A wannan shekarar ce Hamilton, wanda ya ci kambu ɗaya a 2008, ya sanar zai bar McLaren zuwa Mercedes. Mutane da yawa suka ce ya yi wauta. McLaren ce ta raine shi tun yana yaro, kuma tana cin tsere, ita kuwa Mercedes sau ɗaya ta yi nasara tun dawowarta gasar a 2010. Amma akwai abin da ke tafe. A 2014 doka za ta sauya, a koma ƙananan injuna masu haɗa fetur da lantarki. Mercedes ita ke ƙera injinta da kanta, McLaren kuwa a wajenta take karɓa. Tsohon zakara Niki Lauda na cikin waɗanda suka shawo kan Hamilton.

Daga 2014 zuwa 2020 ya ci kambu shida, jimilla bakwai, ya kamo Michael Schumacher. McLaren da ya bari ba ta sake cin tsere ba sai a 2021.

Kada ku yi saurin cewa Alonso bai iya lissafi ba. Lissafin Hamilton ɗin shi ma ya yi. Ya ga sai ƙungiya mai injin kanta za ta iya kayar da Mercedes, shi ya sa ya koma McLaren a 2015, lokacin da ta haɗa kai da Honda ta Japan. Sai dai Honda ta shigo a makare da shekara guda, injin ba gudu, ga yawan lalacewa. Maki 11 ya samu a duk kakar. Abin takaicin, bayan McLaren ta rabu da Honda ne injin ya gyaru, har Max Verstappen ya ci kambun 2021 da shi a Red Bull.

Alonso ya ci tsere 32, na ƙarshe a ƙasarsa a 2013. Ya je ya lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau biyu da Toyota, ya dawo Formula 1 a 2021. Hamilton ya sake yin kasada, ya koma Ferrari a 2025 yana da shekara 40. Shi kuma Alonso ya tsaya a Aston Martin, wadda ta ƙulla yarjejeniyar karɓar inji daga 2026, shekarar da doka ta sake sauyawa. Kamfanin da zai ba ta injin? Honda.